Abin da Na Goge da Hannuna a Maraɗi

Tun ranar da na dawo daga Maraɗi ban samu sakewa ba. A ƙofar masallaci tambaya, a bakin shago tambaya, a majalisarmu ta bayan la'asar kuwa Baba Yohanna, maƙwabcina tsohon ma'aikacin asibiti, ya sa ni a gaba: yaya hanya, yaya mutanen can, me suke ci, me ya sa na dawo a rame. Nakan ce lafiya lau, in yi shiru. Ba rowar labari nake yi ba. Labarin ne ba ya faɗuwa gutsure-gutsure, ni kuma ba na son magana ba tsari. Shi ya sa na zauna na rubuta shi daga farko har ƙarshe.

Sai na fara da dalilin tafiyar. Ni Tanimu, shagona yana nan Tudun Wadan Zariya, inda nake buga takardu, in cike wa mutane fom a intanet, in gyara kwamfutar da ta yi nauyi. Da can akawu ne ni, mai buga tafireta. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma abin da na iya, na iya shi a jere. Yayana Lawal, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ya yi karatun. Tun yana saurayi ya tafi Maraɗi koyar da Turanci a wata makaranta, ya auri 'yar can mai suna Mariyama, ya zauna.

Shekara bakwai da suka wuce Innarmu ta rasu. Na aika masa tun tana kwance, bai iso ba sai ranar uku. Da ya shigo zaure da jakarsa a hannu, na tare shi a gaban jama'a, na nuna masa tabarmar baƙi, na ce, "Masu ta'aziyya can suke zama." Ya je ya zauna a can har yamma, gari na wayewa ya koma. Tun daga ranar, tsakanina da shi sai saƙon barka da salla a waya, sau biyu a shekara, layi ɗaya.

A bana Mariyama ta kira ta ce ya cika, an yi masa sutura a ranar. Ban tafi ba. Na ce aiki ya yi yawa, na ce hanya ba kyau, amma kunya ce. Bayan mako uku ta sake kira.

"Akawu," ta ce, don haka take kirana tun tana amarya, "yayanka ya bar maka rubutu cikin injin nan nasa. Wata huɗu shina yi. Ni ban iya boko ba, kuma ya ce kada kowa ya buɗe sai kai. In ka ga dama ka taho."

Na rufe shago ranar Litinin, na kama hanya ranar Talata.

A Kwangila na shiga motar Katsina. Na zo tun da sassafe don in sami kujerar gefen taga, na samu, amma ba ta daɗe a hannuna ba. Wata Hajiya Talatu, mai safarar citta zuwa Maraɗi, ta leƙo ta ce mota na juya mata ciki, in ba ta samu iska ba kowa zai ji a jikinsa. Na matsa tsakiya. Har muka isa Katsina ban ga alamar amai ba, sai gyaɗa da take ci tana watsa ɓawon waje. Ta tambaye ni ina za ni, na ce Maraɗi. Ta ce fatauci ko aure. Na ce ta'aziyya. Ta daina tauna, ta yi addu'a, ta juye mini sauran gyaɗar a tafin hannu.

Bayan mun wuce Malumfashi tayar baya ta fashe. Direba ya sauko da ta ajiya, ashe ita ma ba iska. Na tambaye shi ko bai duba ba kafin ya taso. Ya ce, "Baba, jiya da iskarta." Na ce ba jiya na tambaye shi ba. Ya hau babur da tayar ya tafi neman mai faci, mu kuma muka zauna a gindin wata bishiyar ɗorawa wajen awa biyu. A nan na gane murfin filas ɗina bai rufu ba, shayi ya jiƙa mini kaftanin da na ware don shiga gidan makoki. Takarduna ba su jiƙe ba, don suna cikin leda, ledar kuma cikin ambulan.

Ba mu shiga Katsina ba sai gab da magariba. Hajiya Talatu ta ce ba a bin hanyar Jibiya da yamma, in nemi wurin kwana, mu haɗu a tasha da safe. Na kama ɗaki a wani masauki kusa da tashar. Fankar ɗakin gudu ɗaya ta sani, na ƙarshe, kuma tana kaɗawa tana rangaji kamar za ta tsinke, sai na ja katifar daga ƙarƙashinta. Bokitin banɗaki ba mariƙi. Na wanke kaftanin na shanya a kan ƙofa. Tuwon masara da miyar kuka na ci a wurin wata mata a bakin titi, gishiri ya yi yawa, amma na cinye don ban ci komai ba tun gyaɗar nan.

Da safe muka shiga motar Jibiya, daga can zuwa iyaka. Na jera takarduna yadda za a nema: katin shaida a sama, takardar tafiya a tsakiya, katin rigakafi a ƙasa. A ɓangarenmu aka duba aka miƙo mini. A ɓangarensu wani jandarma ne zaune a bayan tebur, yana tambaya da Hausa yana rubutawa da Faransanci.

"Mi ya kawo ka?"

"Ta'aziyya."

Ya ajiye biro. "Allah shi gafarta. Wa ya rasu?"

"Yayana."

"Yaushe?"

"Yau kwana ashirin da biyar."

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya buga hatimi ya miƙo mini. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muna wuce Ɗan Isa layin wayata ya mutu. Hajiya Talatu ta ara mini tata na kira Mariyama, ta kwatanta wa wani mai babur gidan. Can kabu-kabu suke ce wa ɗan acaɓa. Da muka rabu a tasha Hajiyar ta ce, "Malam, ka rage ɗaure fuska. Mamaci ba ya gani, masu rai ne ke gani." Ban sake haɗuwa da ita ba.

Ga abin da na lura da shi a garin, tunda shi aka fi tambayata. Hausarsu Hausa ce, sai dai in mun ce tafi su ce tahi, kuma sukan cusa Faransanci yadda muke cusa Turanci. Malamin makaranta Mushe suke ce masa. Majalisa irin tamu fada suke kiranta, kuma ba ta zama sai da butar shayi a kan gawayi, a sha zagaye uku a ɗan ƙaramin kofi, na farko da ɗaci, na ƙarshe kamar zuma. Burodinsu dogo ne mai tauri, mutum zai saƙale shi a hammata ba leda ba takarda ya wuce, ba wanda ya damu. Da rana tsaka kuma ana rufe shaguna a tafi gida, ba a buɗewa sai wajen la'asar. Wannan ɗabi'ar ta ba ni haushi da farko, daga baya kuma ta ba ni wahala, kamar yadda zan faɗa.

Da na isa gidan na tarar da dattawan unguwa a ƙofa. Na nufi gefe zan zauna, sai wani tsoho ya riƙe hannuna ya ce, "A'a, nan wurinka yake." Suka zaunar da ni a tabarmar masu gida. Kafin azahar labari ya zaga cewa ƙanin Mushe Lawal ya iso, mutane suka riƙa zuwa suna durƙusawa suna yi mini gaisuwa. Ɗalibansa na da, wasu da furfura, wasu da kakin aiki, kowa da abin da zai faɗa a kansa. Ɗaya ya ce kullum Mushe sai ya yi musu misali da Zariya a aji, har suka haddace sunayen unguwanninta ba su taɓa zuwa ba. Ya lissafo mini Gyallesu da Tudun Jukun da Hanwa. Na riƙa amsa gaisuwa kaina a ƙasa.

Mariyama tana takaba, saboda haka daga bakin ƙofar ɗakinta muka gaisa, ita a ciki ni a kan kujera a tsakar gida. Ta tsufa ƙwarai.

"Akawu, ka iso. Har ka yi hurhura ba ka aiko muna labari ba."

"Yaya Mariyama, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abucinsa. Ka ci abinci tukuna. Na san ka, in ba a ce maka na ɗaya wanke hannu, na biyu ci ba, ba ka ci."

Aka kawo dambu da zogale da mai, da kilishi, da fura mai sanyi a ƙwarya. Dambunsu ya fi namu laushi. A ɗakin zaure aka sauke ni, ɗakin da Yaya Lawal yake karatu a ciki. Tabaransa yana kan taga, gilashin da kauri kamar gindin kwalba. Ban san idonsa ya lalace haka ba.

Washegari bayan karin kumallo Mariyama ta aiko da laftof ɗin a naɗe cikin zane. Yanzu dole in yi bayani kaɗan kan sana'ata, in ba haka ba ba za a gane abin da ya faru ba.

Burauza ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita. Abubuwan da ke cikinta iri biyu ne. Akwai waɗanda ta zo da su daga wurin masu ƙera ta: wurin ajiye alamar shafin da mutum ke so, tarihin shafukan da ya buɗe, ajiyar kalmar sirri, ƙara girman rubutu, da makamantansu. Waɗannan kamar ɗakunan da aka gina tare da gida ne. Akwai kuma waɗanda mutum ke ɗorawa daga baya, wasu mutane dabam ne ke yin su, mu a wurin aiki ekstenshan muke ce musu, ni nakan ce ƙari. Su 'yan haya ne. Sukan zauna a jere a saman allo, 'yan ƙananan hotuna. Akwai nagari a cikinsu, ban musa ba. Amma a shekarun da na yi ina wannan aiki, yawancin kwamfutar da aka kawo mini tana rarrafe, 'yan hayar nan ne suka cinye ta. Wani talla yake zubowa, wani yana leƙen abin da kake bugawa, wani ya sauya maka shafin bincike ba da izininka ba. Mai kwamfutar ma sau da yawa bai san lokacin da suka shigo ba.

Saboda haka ina da tsari mai mataki huɗu, kuma ban taɓa sauya shi ba. Na ɗaya, in cire duk wani ƙari. Na biyu, in share tarkacen da burauza ke tarawa, ban da tarihi da kalmar sirri, don waɗannan na mai abu ne. Na uku, in sabunta burauzar. Na huɗu, in share rumbun ajiyar injin in daidaita shi. Hannuna ya saba har ba sai na yi tunani ba.

Na kunna laftof ɗin. Sai da na sha shayi kofi guda kafin ya gama tashi. Komai na cikinsa da Faransanci, madannansa ma ba a inda na saba suke ba, in na nemi harafin farko sai wani ya fito. Na duba wurin ajiye takardu, na ga tambayoyin jarrabawa da jadawalin aji, ban ga wasiƙa ba. Na duba fuskar allo, babu. Na buɗe burauza, sai tallace-tallace suka yi ta faɗowa ɗaya kan ɗaya har injin ya sandare. A sama na ƙirga ƙari tara.

Na ce a raina, ba a bincike a cikin wannan ƙazanta. A gyara tukuna, sannan a nema a natse. Har na ji wani ɗan daɗi, cewa ga wani abu da zan yi wa Yaya Lawal wanda shi da karatunsa bai iya ba. Mariyama tana tsakar gida tana tsince shinkafa, taku goma tsakaninmu. Ban tambaye ta komai ba.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne in na danna cirewa sai wata 'yar tambaya ta fito da Faransanci, ni kuma in danna inda na saba dannawa. Na bakwai ɗan hoto ne rawaya mai kusurwa huɗu. Na tuna shi sarai, don na ɗan tsaya a kansa, launin ya yi mini kyau. Na cire shi. Na yi mataki na biyu, na uku, na huɗu. Kafin azahar injin yana gudu kamar sabo.

Daga nan na shiga nema. Na nemi sunana, babu. Na nemi Zariya, na nemi Inna, na buɗe kowace folda. Da na gaji na ɗauki laftof ɗin na kai bakin ƙofarta.

"Yaya Mariyama, a ina yake rubutun?"

Ta matso ta sunkuya, ta ƙura wa allon ido. Ta kai yatsa saman kusurwar dama, ta tsaya.

"Ina 'yar rawayar nan?"

"Wace?"

"'Yar rawaya, nan take zama. Ita yake taɓawa, sai takarda ta buɗe mai manyan baƙaƙe, shi yi ta bugawa da yatsa biyu. Ko ta ɓuya ne?"

Na ce mata wataƙila ta ɓuya. Ƙarya na yi, kuma ita ce ƙaryar da na fi jin kunyarta a rayuwata. Na tambaye ta wa ke duba masa injin in ya lalace. Ta ce Isufu, a bakin kasuwa.

Na hau kabu-kabu na je, na tarar da shagon a rufe, an tafi hutun rana. Na zauna a kan dakalin da laftof ɗin a cinya fiye da awa biyu. Mai shayin da ke gefe ya yi mini tayi sau uku, ban karɓa ba. Na san abin da Isufu zai faɗa tun kafin ya zo, don ni ma aikina ne. Amma na zauna ina fatan a ce na yi kuskure a sanina.

Isufu magidanci ne, zai yi shekara arba'in, mai sanyin magana. Da ya ji ko ni wanene ya miƙe ya yi mini gaisuwa, ya ce shi ma ɗalibin Mushe ne. Na faɗa masa abin da na yi, mataki-mataki, ban rage komai ba. Da na kai na huɗu ya runtse ido.

"Har da wanga?"

"Har da shi."

Ya jawo injin. Ya nemo ƙarin nan rawaya ya sake ɗora shi, ya danna. Takarda ta buɗe, rawaya, ba ko ɗigo a kanta. Ya ce irin wannan ba ya aika rubutu ko'ina, a aljihunsa yake ajiyewa cikin injin, ranar da aka kore shi kuma burauza takan zubar da aljihun gaba ɗaya. Na ce na sani.

Daga nan zafin ya juye mini zuwa faɗa, kamar yadda na saba.

"Kai ka sa masa wannan abin?"

"Ni ne."

"Kana mai sana'a, ka ɗauki rubutun mutum ka ba ɗan haya ajiya? Ina manhajar buga takardu? Me ya hana ka koya masa ya ajiye fayil kamar kowa?"

"Na koya mai, Malam. Sau biyu shina rubuta shafi uku, wuta ta ɗauke, bai danna ajiya ba, komai ya tahi. Na tarar da shi zaune shina hawaye. Ido ba ya gani, hannu na rawa. Abin da burauza ta zo da shi babu wurin rubutu a ciki. Wanga kuwa taɓawa ɗaya ne, baƙaƙe manya, kuma kowane harafi ya buga ya zauna. Mi za ni ba shi in ba shi ba?"

"Sai ka kwafe masa a wani wuri."

"Na roƙe shi. Ya ce ba mai ganin shi sai ƙanensa, ko ni. Ya ce in ya gama."

Na ce ai cikin tara ɗin nan takwas ɓarayi ne, su suka kashe injin.

"Takwas ɗin ka yi daidai," in ji shi. "Ni ma da na cire su. Ni dai abin da nake yi, kafin in taɓa injin mutum sai na ce ya nuna mini inda hannunsa ke zuwa kullum. Tsofaffi ba su san sunan abu ba, amma sun san wurinsa."

Ya ce in bar masa laftof ɗin, yana da manhajar tono abin da aka goge, zai sa ta yi ta aiki har gobe, amma kada in sa rai, saboda mataki na huɗun nan ya bi ta kan wurin ya rubuta wasu abubuwa.

Da na koma gida na tsaya a bakin ƙofar Mariyama na faɗa mata gaskiya, cewa ba ɓuya ta yi ba, ni na cire ta, kuma mai yiwuwa rubutun ya tafi. Ta ce, "Allah ya sa a samu," ta saki labule.

Washegari da hantsi na koma. Manhajar ta tono tsofaffin hotunan bikin makaranta, da tambayoyin jarrabawa na shekarun baya, da wasu tarkace marasa kai. Rubutun babu. Isufu ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ce akwai abu ɗaya da zai nuna mini, in ina so. Ya buɗe tarihin burauzar, wanda ban taɓa ba don ita ta zo da shi.

Na zauna na bi shi daga ƙasa zuwa sama, wata huɗu. Akwai sunayen magunguna. Akwai shafukan karatun Alƙur'ani. Sau uku ya bincika hanyar mota daga Maraɗi zuwa Zariya da awoyin da take ci. Kusan kowace safiya kuma akwai shafi ɗaya da yake buɗewa, taswirar nan da ake ganin gari daga sama. Na danna. Ta buɗe a kan Tudun Wada, an matso da ita sosai, har ina iya gane rufin kwanon layinmu da bishiyar dalbejiyar da ke ƙofar shagona.

Abin da burauzar ta riƙe mini ke nan. Ta riƙe inda ya duba, da ranar, da ƙarfe nawa. Abin da ya ce kuwa yana wurin wanda na kora. Isufu ya fita ya bar ni a shagon, ya ce zai sayo ruwa, bai dawo ba sai da na gama abin da nake yi na wanke fuska.

Na ƙara kwana ɗaya, na je maƙabarta tare da tsohon nan da ya zaunar da ni, ya nuna mini kabarin. Ranar Asabar da safe na haɗa jakata na je sallama. Mariyama ta sa an ɗaure mini kilishi da dogon burodi biyu. Ta ce in tafi da laftof ɗin, ita ba abin da za ta yi da shi.

"Ko ya taɓa karanta miki wani abu daga ciki?" na tambaye ta.

"Ko kalma. In na matso sai shi ce, ke tahi, ba a gama ba. Wata rana shi yi dariya shi kaɗai, wata rana shi cire tabarau shi daɗe zaune. Fushi dai ban gani ba. Iyakar abin da na sani ke nan, ba ni ƙara maka abin da ban gani ba."

Na ce mata ta yafe mini wahalar da na ba ta. Na ce abin da ya sauƙaƙa mini kaɗan shi ne, abin da na ɓatar nawa ne, ni aka rubuta wa, ni na goge, hukuncin ya faɗa kan wanda ya dace.

Ta gyara lulluɓinta. Ba ta dube ni ba.

"Akawu, da nawa a ciki. Ya ce na farkon naka ne, na ƙarshen nawa. Ya ce shekara talatin da ɗaya akwai abin da bakinsa bai iya hwaɗa mini ba, ya sa a can, in ka zo kai za ka karanta mini. Shi ya sa na matsa maka ka taho. Ka gaida mutanen gida. Allah shi kiyaye hanya."

Na tsaya a tsakar gidan da jaka a hannu. Na nemi abin da zan ce, na farko ko na biyu, ban samu ba. Mai babur yana ta danna oda a waje. Na ce amin, na fita.

Hanyar dawowa ba ni da labarinta. Na san an buga mini hatimi, na san na sauya mota a Katsina, na san na sauka a Kwangila ana kiran la'asar. Wanda ya karanta wannan ya yi wa Yaya Lawal addu'a. In da sauran lokaci ya yi wa Mariyama, ita ce ke zaune a ɗakin har yanzu.